Iya a Kujerar Aro

Ranar Litinin Kamilu ya je ƙauyensu da ke bayan Kiyawa ya ɗauko mahaifiyarsa a adaidaita-sahunsa, ya kawo ta gidansa a unguwar Yalwawa, cikin Dutse. Tafiyar da ya saba yi cikin minti arba'in sai da ta cinye masa kusan awa biyu, don sau uku yana tsayawa Iya ta sauko ta miƙe ƙafa a gindin bishiya.

Ƙafafun Iya ba sa son rataya. Tun tasowarta a tabarma take zama, ta miƙe su sambal. A haka take ɓarar gyaɗa, a haka take tsince wake, a haka ma take salla tun da gwiwa ta fara damunta. In ta hau benci ko kujera kuwa, kafin a jima sawunta ya haye ya yi suntum, wani zugi ya riƙa tasowa daga dunduniya har ƙugu. Shi ya sa ko a gidan biki ba a ba ta kujera. Kowa ya sani, sai dai a shimfiɗa mata.

Shekara tara tana kiwon awaki da niyya guda a ranta. Bana Allah ya amsa, sunanta ya fito cikin maniyyatan da za su tashi daga filin jirgin Dutse zuwa Madina. An yi allura, an yi bita, an raba jaka, har tela ya kawo ɗinki. Saura kwana tara a tashi.

Washegari Talata Alhaji Falalu, wanda yake kula da maniyyatan yankinsu, ya tara su a inuwar wata makarantar firamare. Kamilu ya raka Iya, ya tsaya daga baya riƙe da tabarmarta. Alhaji Falalu ya ɗaga wayarsa nesa da ido ya karanto musu saƙon da aka turo masa. Jirginsu zai tashi ƙarfe tara na safe, ya sauka Madina ƙarfe huɗu saura kwata na yamma. Sannan ya ƙara da cewa likita ya ce a yi wa tsofaffi magana. Duk wanda ya san jikinsa ba zai ɗauki zaman jirgi ba, ya faɗa kafin azahar ɗin Alhamis, don ranar za a rufe sunaye, kuma akwai masu jira a baya.

Kamilu bai yi nisa a boko ba, a aji huɗu ya tsaya, amma lamba ba ta ɓace masa. Da aka watse ya matsa ya roƙi Alhaji Falalu ya rubuta masa lokutan nan biyu a bayan wata takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Iya ba ta san ƙarfe ba. Sai da suka dawo gida, ta zauna ta miƙe ƙafa, sannan ta tambaya.

"Auta, ƙarfe taran nan da yake faɗa, yaushe ke nan?"

"Hantsi ne, Iya."

"To ɗayan fa?"

"La'asar."

Bilki, matar Kamilu, tana tankaɗe a bakin madafi, sai ta dakata.

"Daga hantsi har la'asar," in ji Iya a hankali. "A kujera. Ƙafa a rataye."

"An ce kujerun da laushi, Iya."

"Laushin ne zai sauko mini da jini? Kai ka ɗauko ni jiya. Daga gida zuwa nan sau nawa ka tsaya? To shi jirgin a gindin wace bishiya zai tsaya mini?"

Bilki ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta koma tankaɗenta.

Iya ta ce ita ba mutuwa take tsoro ba. In kwana ya ƙare, ko a kan tabarmar nan sai a tafi. Abin da ba ta so shi ne ta zama wa mutane kaya, a ciccibe ta kamar buhun maiwa a gaban maza, ko ta hana bayin Allah sakewa da kukanta a sararin sama, inda ba a san yadda za a yi da ita ba. Ta ce in haka ne, gara ya je ya gaya wa Alhaji Falalu a ba wani. Allah ya ga niyya.

Kamilu ya daɗe yana kallon ƙasa. Ba mutum ne mai saurin magana ba, a tasha ma tsokanarsa ake yi cewa kafin ya gama sallama wani ya kwashe fasinjan. Ya tuna ranar da ya je ƙauye ya tarar da ita ta ɗaure ƙugu tana yankan harawa da rana tsaka, don kada awakin nan su rame.

"Iya, ni in na gyara inji ba na ɗaukar fasinja sai na zagaya da shi na gani. Kuma ba na cewa ya mutu sai na buga shi."

"Au, ni ce injin?"

"A'a. Ina nufin mu gwada. Gobe Laraba. In nemo kujera, ki hau da hantsi, mu gani ko za ki kai la'asar. In kin kai, shi ke nan. In ba ki kai ba, jibi da safe ni da ƙafata zan je wajen Alhaji."

Iya ta dube shi, ta dubi ƙafafunta.

"To," ta ce. "Kada dai a ce ban yi ƙoƙari ba."

A gidan Kamilu babu kujera in ban da 'yar tsugunno ta madafi. Amma katanga ɗaya ce ta raba su da gidan Choji, wani mutumin Filato mai aikin safiyo a ma'aikatar filaye. Ya haura shekara ashirin a Dutse, duk layin Baban Dominic ake ce masa. Da sassafe Kamilu ya ƙwanƙwasa, ya tarar maigidan ya riga ya fita wani awon fili a Jahun. Matarsa Zipporah, Maman Dominic, ita ta leƙo. Da ta ji kujera yake so ba ta yi wata-wata ba, ta fito masa da ta katako mai hannuwa, wadda mijinta yake zama a kai yana jin rediyo.

"Baƙi kuka yi?"

"E to, kusan haka ne," in ji Kamilu.

Ya kafa kujerar a ƙarƙashin rumfa. Ya taɓa ji a bakin fasinja cewa a jirgi kujerar gabanka kusan a gwiwarka take, saboda haka ya jawo buhun gero ya jingine a gaban Iya, ya bar mata ɗan taƙi. Ya kuma ji cewa ɗaure mutum ake yi, sai ya karɓi tsohon gyalen Bilki ya zagaya ƙugun Iya da shi ya ƙulle a bayan kujera. Iya ta riga ta yi alwala, ta ƙi shan koko da yawa. Ta riƙe carbinta.

Kamilu ya duba waya. "Tara daidai. Bismillahi, mun tashi."

"Allah ya sauke mu lafiya," in ji Iya, kuma ba da wasa ta faɗa ba.

Ranar bai fita aiki ba. Ya shimfiɗa buhu a gefe ya kwance wata tsohuwar kafireto ta injin adaidaitarsa yana wankewa da fetur, yana satar kallon ƙafafunta. Bazara ce, tun kafin goma kwanon rufi ya fara ƙara, iskar da take saukowa daga kan duwatsu kamar daga bakin murhu take.

Awar farko ta wuce lafiya. Iya har da labari. Ta ba su labarin kakanta da ya tafi Makka a ƙasa, da jaki ɗaya da matarsa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shekara bakwai, suka dawo da 'ya'ya biyu da ba su san tuwon dawa ba. Ta ce shi ma in ya gaji sauka yake yi ya yi noma a garin mutane, damina ta wuce sannan ya ci gaba.

Wajen sha ɗaya Bilki ta fito da tire, ta yafa mayafi ta karkace shi, tana tafe tana yauƙi.

"Hajiya, shayi ko lemo?"

"Me kike da shi?"

"Ruwan randa."

"To me ya kawo maganar lemo, 'yar nema?"

"Haka aka ce suna tambaya. Yaya, kai fa? Direba ba ya cin abinci a bakin aiki."

"Ni ba direba ba ne, kwandasta ne," in ji Kamilu.

Iya ta yi dariya har carbinta ya faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, gyale ya riƙe ta. Kamilu ya miƙo mata.

Daga sha biyu labari ya ƙare. Iya ta fara gyara zama, ta karkata dama, ta karkata hagu. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora kan ɗaya, buhu ya tare ta, ta sauke. Kamilu ya ga zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta ya fara nutsewa cikin nama. Ya buɗe baki zai ce ta sauko ta huta, ya tuna a sama babu saukowa, ya fasa. Idan ya sassauta mata yau, wa zai sassauta mata ranar?

Da aka kira azahar ya tafi masallacin layi, ya dawo da sauri ko addu'a bai tsaya ba. Ya tarar ta yi tata sallar a zaune a kujerar, kamar yadda aka koya musu a bita. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Leɓenta yana motsi amma carbin ya tsaya. Sawunta kuwa ya yi suntum yana ƙyalli, kai ka ce an shafa masa mai.

"Saura nawa, Auta?"

Ya duba. Ƙarfe biyu. "Saura kaɗan, Iya."

"Kada ka yi mini ƙarya ina da alwala."

"Saura awa biyu ba kwata."

Ta rufe ido. Ta ƙara daurewa, Kamilu yana jin numfashinta daga inda yake. Can sai ya ga hawaye ya gangaro ta gefen hancinta. Iyar da ko ranar da aka fita da gawar mahaifinsa ba ta yi kuka a gabansu ba.

"Kwance ni," ta ce.

Ya kwance ƙullin. Shi da Bilki suka kama ta suka zaunar a tabarma, ƙafafun sun ƙi miƙuwa sai da Bilki ta bi su da man zafi tana matsawa a hankali. Kamilu ya dubi wayar don ya san inda aka tsaya. Biyu da minti goma.

Bilki ta ci gaba da matsawa har zugin ya lafa. Sannan Iya ta share fuska da bakin zane.

"Ka gani da idonka. Gobe ka je ka gaya masa. Ka ce na gode, a ba mai ƙafa." Ta juya ta fuskanci bango. "Jakar ma a mayar musu, kada in riƙa ganinta."

Bayan la'asar Kamilu ya ɗora kujerar a ka ya nufi maƙwabta. Choji ya dawo, yana ƙofar gida da singileti yana wanke babur ɗinsa da ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Mutum ne gajere mai furfura a gemu, Hausarsa ta Jos ce da Kananci ya hau kanta.

"A'a, Malam Kamilu! Ashe kai ka yi mini juyin mulki. Na dawo ba kujera, na ce to, madam ta sallame ni."

Kamilu ya yi ɗan murmushi ya sauke kujerar, ya yi godiya, ya juya zai tafi.

"Tsaya mana. Wannan fuskar fa? Ko jikin Mama ne?"

Da ba zai faɗa ba. Amma abin ya cika masa ciki, sai ya tsuguna a gefen babur ɗin ya kwashe duka ya gaya masa, tun daga awaki har gyale. Choji bai yi dariya ba, ko da aka zo kan buhun gero. Ya matse tsumman hannunsa ya rataye.

"Wa ya ce maka daga nan zuwa Madina awa bakwai ne?"

"Bakwai ba kwata. Ga shi a rubuce."

Choji ya goge hannu a wando ya karɓi takardar. Ya duba, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai lissafi, ya sake dubawa.

"Mama awa nawa ta yi a kujerar?"

"Daga tara zuwa biyu da minti goma."

"Biyar da minti goma ke nan. Ba ta tashi ba ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ai Mama ta sauka Madina tun ɗazu, har ta tsaya jiran kaya."

Kamilu ya dube shi. Bai san Baban Dominic da wasa da abin da ya shafi ibadar mutane ba.

"Zauna in gaya maka," in ji Choji, ya tura masa kujerar, shi ya hau kan babur. "Da azumi, in rediyo tana faɗin lokacin shan ruwa, wa yake riga sha, ku ko mutanen Maiduguri?"

"Su. Har haushi suke ba mu."

"Mutanen Sakkwato fa?"

"Su sai mun sha mun ƙoshi."

"Me ya sa?"

"Ai su Maiduguri gabas suke. Rana ta nan take fitowa."

"Madalla. To Madina tana gaban Maiduguri, can gabas, da nisa sosai. Daga filin jirgin nan zuwa nasu ya kai kilomita dubu uku da ɗari biyar, ko kusa da haka. Kai da kake zuwa Kiyawa, ka yi ta zuwa sau ɗari, ba ka kai ba tukuna. Saboda wannan nisan, rana tana riga isa wajensu da awa biyu cur. Su ba su tsaya kan 'yan mintoci kamar Maiduguri ba, agogonsu ma daban ne, yana gaban namu da awa biyu. Su kuma masu jirgi haka suke rubutu. Lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. Wannan tara ɗin taku ce ta Dutse. Wannan huɗu saura kwatan tasu ce. In ka dawo da ita agogonmu, biyu saura kwata ne."

Kamilu ya karɓi takardar. Ya ƙirga da yatsu, tara, goma, sha ɗaya, sha biyu, ɗaya. Ya tsaya. Ya sake daga farko.

"Biyar ba kwata," ya ce.

"Biyar ba kwata. Wani lokaci ya ɗan fi, in iska ta tare shi ko ya yi zagaye. Kuma wa ya ce maka ɗaure mutum ake yi tun daga tashi har sauka? Sau biyu na hau, zuwa Legas kwas. In jirgi ya daidaita a sama ana kwancewa. Akwai hanya a tsakiya, ta tashi ta ɗan taka, ta je bayi ta dawo. Kai jirginka ya fi na gaske mugunta, Malam Kamilu."

Kamilu ya rufe fuska da tafin hannu. Shi bai san ko dariya yake yi ba ko mene ne. Sai cewa yake, "Alhamdu lillahi. Kai, Baban Dominic. Alhamdu lillahi." Can ya ɗago, murnar ta ɗan ja baya.

"Ba za ta yarda ba. Za ta ce lallashinta nake yi."

Haka kuwa aka yi. Ya shiga ya tsuguna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da Maiduguri da Sakkwato. Iya ta saurara ba ta juyo ba.

"Auta, rana ɗaya Allah ya halitta. La'asar kuma la'asar ce. Na san kana so in je. Amma kada son ya sa ka fara gyara wa Allah lokaci."

Ya fito ya tarar da Choji a tsaye a bakin zaure, ya sa riga, waya a hannu.

"Na ji ta," in ji Choji. "Ƙarfe nawa yanzu?"

"Biyar saura kwata."

"Yawwa, Allah ya taimake mu. Akwai Mu'az, a da tare muke aiki, shi yake riƙe mini sandar awo kafin ya samu karatu a Madina. In ina son gaishe shi sai na yi lissafin nan, in ba haka ba in kira yana aji. Nemo mini izini in shiga."

Bilki ta zura hijabi, Iya ta ce a shigo mana, ai ɗa ne. Choji ya yi sallama, ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin tabarma ya gaishe ta, ya yi mata sannu da ƙafa. Sannan ya buga waya ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Oga Choji! Ina wuni? Ka ganni a hanya, sauri nake kada in rasa sahu."

"Sahun wace salla, Mu'az?"

"Magariba mana. Yanzu za a kira."

Iya ta juyo. Ta dubi tsakar gida. Rana tana nan fayau a kan katanga, inuwar dabinon gidan baya ko rijiya ba ta kai ba, kaji suna ta kiwonsu.

Choji ya ce, "Ga wata mamata nan, tana cikin masu zuwa bana. Don Allah in ka isa kada ka kashe. Ka ɗaga wayar sama kawai."

"An gama. Mama, ina wuni? Allah ya kawo ku lafiya. Ga ni a farfajiyar masallacin Annabi."

"Sallallahu alaihi wa sallama," in ji Iya da Bilki da Kamilu a tare.

Sai hayaniya, takun mutane, wani yana magana da wani yare. Choji ya miƙa wa Kamilu wayar, Kamilu ya matsa da ita kusa da kunnen Iya. Suka yi ta jira. Bilki ta zo ta durƙusa, ludayi a hannunta ta manta ba ta ajiye ba.

Sai ga kiran salla ya taso, siriri ta cikin 'yar wayar, amma garau.

Iya ta ɗora hannu a kan hannun Kamilu ta riƙe wayar tare da shi. Ladan ya yi kabbara, ta amsa. Ya yi shahada, ta amsa. Haka ta bi shi har ƙarshe, idonta a kan hasken ranar da ke jikin katanga. Da ya gama ta yi addu'ar bayan kiran salla ta shafa. Mu'az ya ce zai shiga, a yi masa addu'a, wayar ta katse.

Wata akuya ta yi kuka daga maƙwabta.

"Ikon Allah," in ji Iya. "Su har sun yi magariba."

"Sun yi, Iya."

"To ni da na sauko daga kujerar nan, da a jirgi ne, a ina nake?"

"Kin sauka, Mama," in ji Choji. "Kin ma ƙara musu minti ashirin da biyar kyauta."

"Kuma ka ce ana tashi a taka?"

"Ana tashi. Ki roƙi a ba ki kujerar bakin hanya, ki riƙa juya sawu kina zaune. In kin gaya wa likitanku tun a nan, zai san abin da zai ba ki."

Iya ta juya ta dubi ɗanta. "Kai kuma ka ɗaure ni kamar akuyar da za a kai kasuwar Shuwarin."

"Iya, ni ma ji na yi."

"Yaya ai da shi ne mai jirgi, ko ruwan randar ba za a ba mutane ba," in ji Bilki.

Iya ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Ta ce wa Kamilu gobe ya je wajen Alhaji Falalu ɗin dai, amma ya ce masa tana nan, a bar sunanta inda yake. Ya kuma gaya masa maganar agogon nan ya faɗa wa sauran, don ta ga wani tsoho daga Andaza shi ma jikinsa ya yi sanyi da aka karanta.

Choji ya miƙe zai sa takalmi, ta ce ya dakata.

"Ɗan nan, ni ba ni da abin da zan ba ka. Amma inda za ni, an ce ba a mayar da roƙo. Me kake so in roƙo maka?"

Choji ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya ɗan sosa gemu.

"Mama, ni Allah ya rufa mini asiri. Sai dai tsohuwata tana can gida, Vom. Ita ma ƙafa ce. Shekara biyu ke nan ko coci sai an kai ta a babur."

"Allah sarki. Yaya sunanta?"

"Magdalena."

"Maga me?"

"Magdalena, Mama."

Iya ta gwada, harshenta ya sarƙe. Ta sake gwadawa, Bilki ta kawar da kai tana danne dariya.

"Ke daina, zo ki zauna nan," in ji Iya. "Ki yi ta faɗa mini ina bi har ya zauna. Ba zan je gaban Ɗakin Allah in ce uwar Baban Dominic ba, kamar matar ba ta da suna."

Bilki ta ajiye ludayin ta zauna a gefen tabarma. Kamilu ya raka Choji har ƙofar gidansa, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta jijjigawa. Ta kan katanga suna jiyo su, Bilki tana faɗa a rarrabe, Iya tana bi.